Gem ɗin Time Machine na 2000: ina suka kai Morlock ɗin?

Abba Mai Gyara: Salam jama'a. An kawo mana kwamfutocin gwanjo shago satin nan, irin tsofaffin nan masu ƙaton kai, to a cikin kwalin ɗaya sai na tsinci faifan gem da gidansa ko ƙarzanewa bai yi ba, The New Adventures of the Time Machine, wani kamfani Cryo ne suka yi a 2000. Na saka a wata tsohuwar Pentium mai Windows XP da muke gwajin kaya da ita kawai sai ya tashi. Yau kwana huɗu ina bugawa in oga ya fita. Kai ne wani Bature mai suna Brendan Wales a Landan, ranar 1 ga Janairu 1893, ka hau injin da ka ƙera ya cilla ka shekara ta 800,000, kana sauka injin ya ɓace, wata guguwa ta taso ta mayar da kai yaro ƙarami. Hamada ce ko ina sai wani birni da suke kira birnin agogon yashi, kuma wai sai ka nemo wani Khronos kafin ka koma gida. A bayan gidan faifan an rubuta daga littafin The Time Machine na H. G. Wells aka ɗauko. Masu karatu dan Allah haka littafin yake? in haka ne zan nema

Khalifa PES: 2000?? Yaya Abba ai ko haifata ba a yi ba lokacin hhhh. Akwai na waya?

Abba Mai Gyara: Babu ƙanina, ko maus ba ya aiki da shi sosai, kibod ne zalla, kana danna gaba mutumin ya tafi ya rungumi bango

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Abba ka nemi littafin kam amma kar ka sa ran ganin ko ɗaya daga abin da ka lissafa. Babu hamada, babu guguwar da ke mayar da babba yaro, babu Khronos, shi kansa mai tafiyar ko suna Wells bai ba shi ba, Matafiyin Zamani kawai ake ce masa daga farko har ƙarshe. Littafin ya fito 1895, ɗan siriri ne za ka cinye shi a zama biyu. Mutumin yana zaune a Richmond kusa da Landan, yana tara abokai cin abincin dare duk Alhamis, wata Alhamis ɗin suna jiransa sai ga shi ya shigo yana ɗingishi kaya duk ƙura ya ce a ba shi nama tukuna, sannan ya ba su labari. Shekarar da ya je kuma 802,701 ce, su masu gem ɗin sun yanke ta sun mayar 800,000 don daɗin faɗa. Abin da ya tarar can lambu ne kore shar, da wasu mutane gajeru kyawawa da ake kira Eloi, ba sa noma ba sa saƙa ba sa komai sai cin 'ya'yan itace da wasa, amma da rana ta faɗi sai tsoro ya kama su. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai Morlock, farare fat masu manyan idanu, ba sa iya kallon haske, su ke kula da injina su ke yi wa Eloi sutura. Kuma su ke cin su.

Khalifa PES: cin su kamar ya Malam

Malam Sani: Kamar yadda kake cin rago Khalifa. Kiwon su suke.

Maman Ilham: Innalillahi. Amma Malam ba shi ne wanda aka kashe budurwarsa ba, ya dinga komawa baya don ya cece ta tana sake mutuwa? Na kalla a tashar setilayit da daɗewa har na yi ƙwalla wlh

Malam Sani: Wannan fim ɗin 2002 ne Hajiya, wanda Guy Pearce ya fito, daraktan ma Simon Wells tattaɓa kunnen marubucin ne amma duk da haka ya ɗauke labarin daga Landan ya kai New York ya ƙara soyayyar da babu ita. A littafi ba budurwa, son sani ne kawai ya fitar da shi. Macen da ta taka rawa a labarin ɗaya ce, Weena, 'yar Eloi da ya tsamo daga kogi tana nutsewa 'yan uwanta suna kallo ba wanda ya motsa, ita ma kamar 'yar yarinya take binsa tana cusa masa furanni a aljihu

Maman Ilham: Au to kowa dai da nasa ƙarin gishirin kenan

Issoufou Damagaram: Barkanku dai. Malam ina girmama ka amma bari in tsaya wa mutanen Faransa kaɗan tunda ni da Faransanci na karanta littafin a laburaren lise, wato makarantar sakandare, La Machine à explorer le temps. Cryo ɗin nan kamfani ne na Paris, su suka yi Dune a 1992, suka yi Versailles 1685, suka yi Atlantis a 1997, sana'arsu kenan su ɗauki tsohon labari ko tarihi su gina duniya mai kyan kallo a kai. Kuma ba su yaudari kowa ba, sunan ma ya ce sabbin tafiye-tafiye ne. Ni dai tambayata, me za ka buga a littafin Wells? Mutum ne yana yawo yana kallo yana tunani, ya ce ga abin da ya faru da duniya, gobe ya ce a'a na yi kuskure ga ainihin abin, jibi ya sake canzawa. Wannan a takarda daɗi gare shi amma ka ba yaro kibod ka ce ya zauna ya yi tunanin jari-hujja ai barci zai yi

Khalifa PES: ni kam zan yi

Bilkisu CS: Yaya Issoufou nan ne ban yarda ba sam. Na karanta littafin bara lokacin yajin aiki kuma abin da ya fara zuwa raina shine wannan ai gem ne an riga an tsara shi, kod kawai ya rage a rubuta. Duba fa. Yana sauka sai ya kwance libobi biyu na injin ya sa a aljihu don kar wani ya tayar, to ga kayan jaka na farko. Ya dawo injin babu, sai sawun ja a ciyawa har zuwa gindin wani ƙaton farin gunki mai fukafukai da aka ɗora kan dakalin tagulla mai ƙofa a kulle, to ga ƙofar da duk gem ɗin zai ƙare a kanta kuma tun minti goma na farko ka gan ta. Sai rijiyoyin nan da ba ruwa a ciki sai ƙarar inji da iska tana shiga, dole ka sauka. Kuma abin da ya fi burge ni ashana. Mutumin nan da ya zo ya ɓarnatar da kusan rabin kwalin ashanarsa yana ƙyastawa yana burge Eloi don ba su taɓa ganin wuta ba, da ya sauka rijiya cikin duhu Morlock suna shafa masa fuska sai ya laluba ya ji saura tsinke huɗu. Huɗu! Ku faɗa min wane mai tsara gem ne zai ga wannan ya wuce. Ka bar ɗan wasa ya yi ta wasa da ashana da rana yana jin daɗi yara suna tafi, ba ka ce masa komai ba, sai dare ya yi ya gane abin da ya yi wa kansa

Bilkisu CS: Ban gama ba ma. Daga nan ya yi doguwar tafiya da Weena zuwa wani koren gini da ya hango, ashe tsohon gidan adana kayan tarihi ne, littattafai duk sun ruɓe sun zama tsumma, amma a cikin wani akwatin gilas da iska ba ta shiga ya samu kwalin ashana mai kyau, ya samu kafur a kwalba, ya karya libar wani inji ya yi gora da ita. Lebul guda kenan cikakke. Sai daji da dare, ya kunna wuta don ya kore su wutar ta ƙwace ta cinye dajin, Weena ta salwanta a ciki. Ya dawo ya tarar ƙofar tagullar a buɗe an goge injin har an sa masa mai, tarko ne, ya shiga yana dariya don yana da ashana, ƙofa ta rufe, ya zo ƙyastawa sai ya tuna irin wadda ba ta kamawa sai a jikin kwalinta ce kuma kwalin an sace tun a daji. A duhu ya mayar da libobin yana dukan su da kai. Yanzu dan Allah me aka rasa a nan da sai an kawo tsafi da hamada

Abba Mai Gyara: Kai Bilkisu wlh kin sa na ji kamar an cuce ni

Issoufou Damagaram: Ƙanwata kin iya tsara magana ba ƙarya. Amma kwana takwas kacal mutumin ya yi a can, wurare nawa ne? gunki, zauren cin abinci, rijiya, gidan tarihi, daji. A 2000 mutum zai biya kuɗi masu yawa ya sayi kwali a shago yana so ya yi sati biyu yana bugawa, in ya gama a awa uku mujallun gem za su yi kaca-kaca da ku. Sannan Eloi ba sa magana mai tsawo, Morlock ba sa magana kwata-kwata, gem ɗin kasada kuma rabinsa hira ce, ka tambayi wannan ya aike ka wajen wancan. Dole su ƙirƙiro birni mai mutane masu baki

Malam Sani: Wannan hujja ce ta kasuwa kuma na karɓe ta Issoufou. Sai dai ni ina ganin ba tsawo ne kawai ya kore su ba, abin da littafin yake faɗa ne ba ya sayuwa. Su waye Morlock? Jikokin leburori ne. Su waye Eloi? Jikokin masu kuɗi. Wells ya dubi Ingilar zamaninsa, ma'aikata suna wuni a ramin kwal da ɗakunan ƙasa da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, masu hali suna killace filaye masu kyau, sai ya ce to a bar abin ya tafi haka shekara dubu ɗari takwas mu gani. Kuma ba daga nesa ya hango ba. Mahaifiyarsa shugabar masu aiki ce a wani gidan masu sarauta da ake kira Uppark, gidan da har hanyoyi aka haƙa ta ƙarƙashin ƙasa masu aiki suna bi da abinci don kar masu gida su gan su suna ratsa tsakar fili, shi kuma yana yaro aka kai shi koyon aiki shagon yadi a Southsea yana wuni a tsaye, daga baya ne ya samu tallafin karatu ya yi ilimin halittu wajen Huxley almajirin ra'ayin Darwin. To yanzu ka ba ɗan wasa gora ka ce ya fasa kan Morlock, alhali ka gaya masa kakanninsu ne suka yi wa kakannin waɗancan wanki da girki har idonsu ya daina ganin rana. Hannunsa zai yi nauyi. Kamfani kuma abokin gaba yake so wanda za a kashe a ci gaba ba tare da an tsaya tunani ba

Maman Ilham: Malam wannan magana ta taɓa ni. Ba sai an je Ingila ba, ku duba gidajen da 'yar aiki take cin abinci a bayan kicin a tsaye, ba ta taɓa zama kan kujerar falon da take gogewa kullum ba. Allah ya sa mu gyara

Khalifa PES: Anti ki dinga ba ta nama tun yanzu kafin 802,701

Maman Ilham: Khalifa zan zo har gida in ja kunnenka

Abba Mai Gyara: To ni dai bari in faɗi abu ɗaya don kar a binne gem ɗin da ransa. Faɗan cikinsa ba daɗi, na yarda, kana juyawa kamar tirela ana dukanka kafin ka saita, kuma tsafe-tsafen da ake koya maka ni ban ga haɗinsu da mutumin kimiyya ba. Amma guguwar nan. Ba shekaru kawai take canzawa ba, har tunani take shafewa, mutanen birnin in ta wuce ta kansu tsoho ya koma yaro yaro ya koma tsoho kuma sun manta su waye. Wlh da na fahimci haka sai da na ajiye kibod na ɗan yi shiru, don kakata da ta rasu bara haka ta koma a ƙarshe. Zan shiga in gaishe ta ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan ƙaninta da ya mutu tun kafin a haifi babana, ta ce in je in kore awaki daga gonar da yanzu gidan mai ne a wajen, wani lokacin ta nemi ɗankwalinta wai za ta tafi gida innarta tana jira. Mu muna 2023 ita tana can wata shekara da ba mu da hanyar zuwa. To ni wannan birnin da ba wanda ya san jiya ya fi ba ni tsoro akan dodo a rami

Bilkisu CS: Allah ya jiƙan Kaka Yaya Abba, ya sa ta huta

Malam Sani: Amin. Wannan kam na sallama, dabara ce mai kyau kuma tasu ce ba ta Wells ba. Da ma sun cire sunansa sun tsaya da ƙafarsu da ban ce uffan ba

Issoufou Damagaram: Amin ya Allah. Amma Malam sunan ne ke sayar da kwalin, kuma sunan kyauta ne. Duk da haka bai cece su ba, 2002 Cryo ya durƙushe, DreamCatcher na Kanada suka kwashi abin da ya rage

Ustaz Nura: Assalamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Allah ya gafarta wa mamaciya. Abu biyu. Na ɗaya wannan Khronos da ake ce wa mai mallakar lokaci a kula da yara, sunan daga tatsuniyoyin Girkawa yake, mu mun san wanda yake juya dare da rana. Na biyu ku tuna mutum ya rufe ido ya buɗe a wani zamani ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Ashabul Kahfi shekara 300 da ƙarin 9 suka yi, suka farka suna cewa wuni ɗaya ne ko rabinsa, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Duk Juma'a muna karantawa. Bambancin shine wannan gaskiya ne kuma ikon Allah ne, wancan ƙagen marubuci ne da inji

Malam Sani: Haka ne Ustaz, ƙage ne kuma a matsayin ƙage muke tattauna shi. Ka ma tuna min wani abu, a duk littafin ba a nuna mutumin ya je zamanin da ba, gaba kawai ya yi ya dawo ranar da ya tashi

Khalifa PES: To ni abin da nake so kenan a gem, in koma baya in canza abu in dawo in ga ya canza. In ba haka ba meye amfanin injin, ai mota ce kawai

Bilkisu CS: To Day of the Tentacle za ka nema Khalifa, na LucasArts 1993, an sabunta shi ma daga baya. Mutum uku ne, ɗaya ya maƙale shekara 200 baya, ɗaya yanzu, ɗaya shekara 200 gaba, duk a gida ɗaya, suna aika wa juna kaya ta injin da aka yi da masai. Ta gaban tana rataye a reshen bishiya ba ta iya saukowa, sai na bayan ya shafa wa 'ya'yan bishiyar jan fenti ya sa George Washington ya sare ta, kawai sai bishiyar ta ɓace a can gaba yarinyar ta faɗo tim. Wannan shine lokaci ya zama abin wasan kansa. A na Cryo kuwa daga abin da Yaya Abba ya faɗa injin ya sauke ka ya tafi abinsa kamar ɗan adaidaita

Abba Mai Gyara: Ko canji bai ba ni ba

Maman Ilham: Malam ya littafin ya ƙare ne? Ni ba lokacin karatu gare ni ba ka faɗa min kawai

Malam Sani: Masu son karantawa su tsallake wannan. Da ya kuɓuce wa Morlock a rikice sai ya tura libar gaba maimakon baya. Ya tsaya a bakin wani teku, rana ta zama ƙatuwa ja ba ta fitowa ba ta faɗuwa, ba mutum ko ɗaya sai ƙaguwa manya kamar tebur suna jan ciki suna nufo shi. Ya ƙara gaba har shekara miliyan 30, sanyi da ƙanƙara, shiru ko kukan tsuntsu babu, husufi ya rufe ranar, sai wani baƙin abu kamar ƙwallo mai yatsu yana tsalle a bakin ruwa. Nan ya kusa suma ya juyo gida. Abokan ba su yarda ba, editan jarida ma cewa ya yi ƙarya ce mai kyau, sai dai ga busassun furanni biyu farare da Weena ta sa masa a aljihu likitan cikinsu ya kasa gane irinsu. Washegari ya ɗauki kyamara da jaka ya ce a jira shi rabin awa. Mai ba da labarin ya ce shekara uku kenan

Maman Ilham: Shikenan?? Bai koma ya ceci yarinyar ba?

Malam Sani: Ba a faɗa ba Hajiya. A fim ɗin 1960 na George Pal ne aka nuna ya koma wajen Eloi da littattafai uku

Issoufou Damagaram: To kun ji. Wa zai buga awa ashirin a saka masa da ƙaguwa

Bilkisu CS: Ni. Kuma yanzu ba 2000 ba ce, mutum ɗaya da laftof yana yin gem na awa uku ya sa a intanet mutane su saya. Wells ya mutu 1946 littafin ya fita daga haƙƙin mallaka, ba wanda zai tambaye ka ko sisi. Ni da zan yi ma ba zan sa maɓallin duka ba sai a daji, kuma lambar da za ta kasance a saman allo ɗaya ce, tsinken ashana nawa ya rage. Har na fara tunanin furojet ɗina na aji huɗu, in sa rubutun da Hausa

Khalifa PES: Morlock da Hausa dodo kenan

Bilkisu CS: A'a fa, da ka ce dodo ka kashe labarin, dodo ba ɗan uwanka ba ne. Sai dai 'yan ƙasa da 'yan sama, ko a bar musu sunansu

Malam Sani: 'Yan ƙasa zai rikita mutane Bilkisu, za a zata 'yan asalin gari kike nufi. Ki bar Morlock ɗin, a baki ma yana da nauyi. In kin fara ki turo min rubutun in duba miki

Abba Mai Gyara: Jama'a an ɗauke wuta ina tsakiyar wani waje da na sha wuya kafin in kai kuma ban yi sebin ba tun azahar. Ga oga ya ce wani mai kafe zai zo gobe ya ga Pentium ɗin. Bilkisu in kina son faifan ki aiko ƙaninki shago kafin la'asar, amma ki nemi tsohuwar kwamfuta don a Windows 11 ɗina ko buɗewa ya ƙi